Babi na Shida: Farantin Fitila da Lissafin Damina

Duk kasuwar ƙauyen da mutum ya shiga a arewacin Kano, ko ta Bichi ce ko Dambatta ko Kunci ko Minjibir, kafin ya kai layin 'yan hatsi zai ji ƙarar ɗan janareta, ya ga rumfar da wayoyi suka yi sahu a kan katako suna shan caji. Mai rumfar sana'a biyu gare shi. Yana sayar da wuta, yana kuma yin turi: a miƙa masa memori ya cika shi da wa'azi da waƙoƙi da fina-finai. Cikin abin da aka fi nema akwai fassarar Indiya-Hausa, irin ta su Algaita. Da daddare, bayan an ci tuwo an yi lisha, waya ɗaya sai ta tara mutum goma a kan tabarma.

Akwai wani wuri da ba ya ɓacewa a waɗannan fina-finai. Dattijuwa za ta fito riƙe da faranti, a kansa 'yar fitila tana ci, ga furanni, ga jan gari. Ta kewaya farantin a gaban gunki, ko a gaban ɗanta da ya dawo daga tafiya, sannan ta dangwala masa ja a goshi. Wani lokaci kuma gari ne kacokan zai fito ana watsa wa juna kala, kowa ya koma kamar ya faɗa karofi. Nan ne wani daga cikin 'yan kallo yakan ce, "To, sun fara tsafinsu, a tura gaba." A tura ɗin, a koma kan soyayya da faɗa.

An daɗe ana tura wurin gaba. Tun 1937 aka buɗe silimar Rex a Kano, kuma a shekarun 1950 Kwarori masu gidajen silima suka fara shigo da fina-finan Indiya, suka tarar sun fi na Amurka kasuwa nesa ba kusa ba. Mother India, wanda Mehboob Khan ya fitar a 1957, ya zama kamar ɗan gida. Brian Larkin, Baturen da ya yi bincike a Kano a shekarun 1990, ya tarar ana nuna shi har a lokacin, 'yan kallo suna bin waƙoƙinsa baki da baki ba tare da sun san yaren ba. Ba abin mamaki ba ne. Labarin Radha ne, matar manomi, wadda surukarta ta ci bashin rufi 500 a wurin Sukhilala don hidimar aure, bashin ya haifi 'ya'ya da jikoki har mai kuɗin ya riƙa kwashe kashi uku cikin huɗu na amfanin gona. Ga shanun huɗa, ga ambaliya, ga yunwa. Wane manomin Tsanyawa ne zai ce bai gane wannan ba?

Abin da aka gane ke nan. Abin da ba a tsaya an gane ba shi ne, farantin fitilar nan da watsa kalar nan da sauran bukukuwan da ake wucewa da sauri, su ma na gona ne. Idan aka jera su bi da bi, kalandar manomi ce wanda ke jiran ruwan sama kamar yadda ake jiransa a nan.

Wata Baturiyar Ingila mai suna Polly Hill ta hango wannan dangantaka ta fuskar tattalin arziki. Ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina, ta yi aiki a Ɗorayi a gefen birnin Kano, sannan ta tafi ƙauyukan da ke kusa da Bangalo a jihar Karnataka ta kudancin Indiya, inda tamba ce abincin yau da kullum. A 1982 ta fitar da littafi tana kwatanta gidajen manoman wuraren biyu, masu dogaro da damina ɗaya, masu ƙananan gonaki, masu cin bashin hatsi da bazara. Ƙasar da ke kewaye da Kano dama sananniya ce ga masana, tun binciken Michael Mortimore na shekarun 1960, a matsayin wurin da gona ke manne da gona, ba a barin ƙasa ta huta, taki ne kawai da ake lodawa a mangala bisa jaki yake riƙe da ita. Indiya kuwa ita ce kan gaba a duniya wajen noman gero. Suna kiransa bajra, dawa kuma jowar. Cibiyar binciken ICRISAT, wadda aka kafa a 1972 kusa da Haidarabad, tana da ofis a Kano da babbar tasha a Sadore kusa da Yamai, kuma da hannunta a irin geron Sosat da manomanmu suka karɓa.

Kafin a shiga shekarar, sai a fara da farantin. Ƙidayar 2011 ta nuna kusan kashi 80 cikin 100 na mutanen Indiya mabiya addinin Hindu ne, wajen mutum miliyan 966, Musulmi kuma miliyan 172. Ibadar da talakan Hindu ya fi sani ana ce mata puja, kuma ba lalle sai an je ɗakin bauta ba. Kusan kowane gida yana da wani lungu ko ɗan kanta inda ake ajiye gumaka ko hotunansu, kuma yawanci matar gida ce ke kula da shi safe da yamma. Tsarin puja tsarin karɓar babban baƙo ne. A gayyato shi, a ba shi wurin zama, a ba shi ruwan wanke ƙafa, a yi masa wanka, a sa masa tufa, a shafa masa turare, a miƙa furanni da abinci. Kewaya fitilar da ake gani a fim shi ne arati, yakan zo a ƙarshe, tare da kaɗa ƙararrawa. Abincin da aka miƙa sai a dawo da shi a raba wa jama'a, suna kiransa parasad, suna ci don neman albarka. Fitilar kanta, diya, ɗan kasko ne na yumɓu da mai da lagwanin auduga, wato aci-balbal ɗin da kakanninmu suka yi karatun dare da ita.

Ga Musulmi hukuncin wannan a fili yake, shirka ce, kuma babu abin da wannan babi zai ƙara wa malamai a kai. Su kansu Hindu bakinsu bai zo ɗaya ba kan abin da suke yi. Wasu na cewa abin bauta ɗaya ne, gumakan fuskokinsa ne. Wasu sun riƙe Bishnu, ko ɗaya daga cikin siffofin da suka ce ya sauko duniya da su, wato Rama da Kirishna. Wasu Shiba, wasu kuma uwargijiya Durga. Ƙungiyar Arya Samaj da aka kafa a 1875 ta yi watsi da gumaka gaba ɗaya. Abin da ya fi haɗa talakawansu shi ne bakti, bauta ta hanyar so da bege da waƙa. Ta faro a ƙasar Tamil sama da shekara dubu da suka wuce, ta haura arewa a bakin mawaƙa irin su Mirabai da Tulsidas, wanda ya fara tsara labarin Rama a 1574 da yaren da ake yi a kasuwa, ya bar Sanskirit na malamai. Ɗanɗanon wannan bege ya malala cikin waƙoƙin fim, ko da na soyayya ne. Wataƙila shi ya sa masu bandiri a Kano, irin ƙungiyar Ushaƙu Indiya, suka ga karin ya dace da su, suka ɗauki muryar suka zubar da kalmomin, suka sa yabon Annabi (SAW) a gurbinsu.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar.

Manomin Kano da kalanda biyu yake rayuwa, ko bai taɓa kiransu da suna ba. Ta ibada tana bin wata: Cika-ciki, Takutaha, azumin tsofaffi, Azumi, Ƙaramar Salla, Babbar Salla. Shekararta kwana 354 ce, ta gaza shekarar rana da kwana 11, saboda haka take zagayawa. An yi Ƙaramar Salla ran 2 ga Mayu a 2022, ran 21 ga Afrilu a 2023, ran 10 ga Afrilu a 2024, ran 30 ga Maris a 2025. Wanda ya yi azumin 2011 da 2012 yana tuna yadda aka yi shi a tsakiyar damina, ana noma baki a bushe. Cikin shekara 33 azumi yakan ratsa bazara da hunturu da kaka da damina ya dawo inda ya faro. Larabawan jahiliyya sun kasance suna jirkita watanni, aya ta 37 a Suratut Tauba ta haramta hakan, shi ya sa Musulmi ba ya ƙara wata. Amma gero ba ruwansa da tsayuwar wata, don haka sai aka riƙe lissafi na biyu, na taurari, wanda malaman zaure da tsofaffin manoma suka haddace. Taurari 28 ne, kowanne kwana 13, sai Jabha mai 14, jimilla 365. Na damina su ne Haƙa'a, Han'a, Zira'a, Nasara, Ɗarfa, Jabha da Harsan, daga nan Sarfa ta shigo da kaka.

Hindu sun haɗe lissafin nan biyu wuri guda. Watanninsu na farin wata ne, goma sha biyu, amma kusan duk bayan wata 32 ko 33 sai su ƙara wata guda, su kira shi adik mas, wato watan ƙari. Da haka shekara take komawa gurbinta. A duba bikin Diwali: ran 24 ga Oktoba a 2022. Da za a bar shi ya bi wata zalla, da 2023 ya faɗo wajen 13 ga Oktoba. Sai aka ƙara wata a tsakiyar daminar shekarar, daga 18 ga Yuli zuwa 16 ga Agusta, ya koma 12 ga Nuwamba. Haka yake lilo tsakanin tsakiyar Oktoba da tsakiyar Nuwamba, ba ya taɓa barin kaka. Bikin damina yana nan a damina, na girbi yana nan a girbi, tun kaka da kakanni.

Taurari ma suna da su, 27, suna kiransu nakshatra, kuma da yawa cikinsu su ne dai namu da wasu sunaye. Surayya, wadda Bahaushe ke ce wa Kaza da 'Ya'yanta, ita ce Kirittika a wurinsu. Dabaran ita ce Rohini. Haƙa'a, wadda ke buɗe damina a lissafin malamanmu, ita ce Mirga, kuma manomin jihar Maharashtira da shigarta yake sa ran ruwan shuka, wajen 7 ga Yuni. Ko sunayen lokutan noma biyu na Indiya na Larabci ne: karif na damina, rabi na rani, wannan rabi ɗin dai da ke cikin Rabi'ul Awwal.

Daminarsu takan sauka a jihar Kerala wajen 1 ga Yuni, ta riƙa haurawa arewa. Da an gama shuka a Maharashtira, dubban ɗaruruwan mutane, akasarinsu manoma, sai su kama hanya a ƙasa daga garuruwan Alandi da Dehu zuwa Pandarfur, tafiyar kusan mako uku, sama da kilomita 200, suna tafe suna waƙoƙin bege na waliyyansu Tukaram da Gyaneshwar. Sukan isa ran sha ɗaya ga watan Ashada, a ƙarshen Yuni ko cikin Yuli. A aƙidarsu daga wannan rana Bishnu ke kwanciya barci na wata huɗu, kuma a cikin waɗannan watanni masu bin al'ada ba sa ɗaura aure, ba sa tarewa a sabon gida. Dalilin addini ke nan. Manomin Gezawa zai ba da nasa dalilin ba tare da ya taɓa jin sunan Bishnu ba: wa zai yi biki rumbu wayam, hanya ta cika da taɓo, kowa yana gona? Aure sai kaka.

Watan Sharaban, wanda ke faɗawa Yuli zuwa Agusta, shi ne marka, kuma ya fi kowane cika da hidima. Cikinsa ake Nag Pancami, ranar macizai, daidai lokacin da ruwa ke koro su daga ramuka: a ajiye musu madara, kuma a wurare da yawa ba a huɗa ranar don kada garma ta sare su. Ranar da watan ya cika sha huɗu ake Raksha Bandan, inda mace ke ɗaura wa ɗan'uwanta zare a wuyan hannu, shi kuma ya yi mata kyauta da alkawarin tsaya mata. Masu kallon fim sun san zaren nan sarai, don da shi yarinya kan mayar da saurayin da ba ta so ya koma yaya. Bayan kwana takwas sai haihuwar Kirishna, a raya dare har sha biyu.

Wanda zai fi burge mai shanun huɗa shi ne Pola, a ƙarshen watan Sharaban. Ranar ba a ɗora wa sa karkiya. A kai shi rafi a wanke, a shafa masa mai a wuyan da ya yi kanta, a fente ƙahonin, a rataya masa ƙararrawa da furanni, a ba shi abinci mai zaƙi irin na mutane, sannan a zagaya gari da shi ana kiɗa. Shanun masu tozo ne kamar namu, don asalin shanu masu tozo daga can yankin yake. A nan sai dai a ƙara wa sa harawa da dusa da kanwa, idan ya yi shekara uku ko huɗu yana aiki ya yi ƙiba a kai shi kara a canzo 'yan maruƙa. A can kuwa yawancin jihohi sun haramta yanka saniya, wasu har da sa, kuma wannan doka ta zama wa manoman kansu ƙarfen ƙafa, domin tsofaffin shanun da aka saki sukan afka wa gonaki da dare. An kuma sha kashe Musulmi masu fataucin shanu da sunan kare saniya, abin da fim ɗin soyayya ba ya nunawa.

Daga nan sai Ganesh, mai kan giwa, wanda ake fara kowane sabon al'amari da sunansa. Bikinsa kwana goma ne a Agusta ko Satumba, a ƙera shi da yumɓu, a yi masa hidima, rana ta ƙarshe a kai shi teku ko kogi a nutsar. Da a cikin gida ake yi. Bal Gangadar Tilak ne ya tura shi kan titi daga 1893, don ya samu hanyar tara jama'a a ƙarƙashin mulkin Ingila.

Ruwa na ɗaukewa sai Nabaratri, dare tara na Durga, a Satumba ko Oktoba. Ranar farko akan shuka sha'ir a ɗan tukunya a ajiye kusa da gunki, a riƙa duba tsironsa ana fatan shekara ta yi kyau. Rana ta goma a arewa a ƙone ƙaton mutum-mutumin Rawana, sarkin da ya sace matar Rama. A kudu kuma akwai ranar kayan aiki, wadda manomi ke wanke garmarsa, maƙeri uwar maƙerarsa, direba motarsa, a sa musu furanni, a matse lemon tsami a ƙarƙashin taya. Babur ɗin Boxer da ke ɗaukar buhun gero zuwa Dawanau, da A Daidaita Sahun Bajaj da TVS da suka cika Kano, ire-irensu a ƙasar da aka ƙero su haka ake yi musu duk shekara.

Bayan kwana ashirin sai Diwali, a daren da wata ya ɓuya gaba ɗaya. A share gida ƙal, a yi shafe, a jera aci-balbal a kan katanga da bakin ƙofa don Lakshimi, wadda suke danganta wa arziki, ta ga hanyar shiga. A arewa ana haɗa shi da dawowar Rama gida Ayodiya bayan gudun hijirar shekara 14. 'Yan kasuwa a ranar suke rufe tsohon littafin ciniki su buɗe sabo, har kasuwar hannun jari ta Mumbai takan buɗe na sa'a guda don neman sa'a. Ba a rasa dalilin zaɓen lokacin ba: amfanin damina ya shigo gida, manomi ya samu abin biyan bashi, ɗan kasuwa ya samu abin rubutawa. Fim ɗin Kabhi Khushi Kabhie Gham na 2001, wanda da wuya a samu gidan kallon da bai juya shi ba, da hidimar Diwali ya gabatar da Shah Rukh Khan, Jaya Bachchan tana tsaye da farantinta. Indiyawan da ke Nijeriya, tun daga 'yan kasuwar Sindi irin su Chellaram da suka kafa kanti a 1923 har zuwa ma'aikatan masana'antu na yau, suna yin nasu a inda suke zaune. Washegarin Diwali a ƙauyukan arewacin Indiya a tara kashin shanu a yi ɗan tsauni da shi a yi masa ado. Mai kallo daga birni zai toshe hanci, amma wanda ya taɓa sayen taki da kuɗinsa ya san darajar abin.

Akwai wani babban biki da ba ya lilo, don rana yake bi ba wata ba: Makar Sankaranti, ran 14 ko 15 ga Janairu. A ƙasar Tamil sunansa Pongal, a dafa sabuwar shinkafa da madara a sabuwar tukunya a bar ta ta tafaso ta zube, alamar yalwa. A Maharashtira a ci gurasar gero mai riɗi, a raba wa maƙwabta dunƙulen riɗi da mazarƙwaila. Da za a ɗora shi a tiren 'yar talla a kasuwar Makoɗa, kantu kowa zai kira shi.

Watsa kalar kuma shi ne Holi, ranar cikar watan Falguna, galibi a Maris, lokacin da alkamar rani ta nuna. Daren jajibiri a hura babbar wuta, da safe a fito. Ranar ba babba ba yaro, bara ya shafa wa maigidansa kala, matar wa ta jiƙa ƙanin miji sharkaf. A garin Barsana mata ne ke fitowa da sanduna su bi mazan Nandgaon da duka, su kuma suna karewa da garkuwa. Mai karatun da ya tashi a ƙauye zai tuna wasan taubasai na watan Cika-ciki da karɓar kuɗin shara, ranar da ake faɗa wa mutum abin da ba a isa a faɗa masa ba sauran shekara. A fim ɗin Sholay na 1975, ana tsakiyar wannan wasa ne Gabbar Singh ya afka wa ƙauye.

Ƙasar Hausa ma ta taɓa zama da ibadar da ke bin damina. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe da Tsumburbura a gindin Dala, da yadda jama'a ke taruwa a ƙayyadadden lokaci da baƙaƙen awaki da kaji da karnuka. Joseph Greenberg, wanda ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939 ya kuma fitar da littafinsa a 1946, ya tarar da maigida yana yi wa iskoki yanka a madadin gandunsa, kowane iska da irin dabbar da yake so. Akwai Inna, wadda ake kira Uwargona, da Kure, da Gajimari mai shanye ruwan sama. A wajen Maradi ana buɗin daji kafin a shiga sabuwar shekarar farauta da noma. Da Musulunci ya kafu, yankan ya tafi, amma lokacin bai tafi ba. Kalankuwa da dambe da kokawa suka ci gaba da zuwa da kaka. Idan ruwa ya ɗauke a fita sallar roƙon ruwa. Zakkar hatsi kuwa ba ta jiran cikar shekarar wata kamar ta kuɗi, ranar girbi ake fitar da ita, dami ɗaya cikin goma ga gonar da ruwan sama ya shayar. Wannan ita ce ibadar da ta rage wa manomi Musulmi ɗaure da kaka, kuma ta talaka ce kai tsaye, ba ta gunki ba.

Kada kyan kala ya rufe wa mai karatu ido. Tsawon ƙarnuka, waɗanda ake kira Dalit, masu ɗaukar mushe da kwashe ƙazanta, ba a barinsu su taka ɗakin bauta, wani wurin ko hanyar da ta bi ta gefensa. Sai da aka yi zaman dirshan a Baikom a 1924 da 1925 kafin a buɗe musu wasu tituna, kuma tsarin mulkin 1950 ne ya soke wariyar a hukumance, amma a ƙauyuka da dama har yau da sauranta. Hidimar bukukuwan tana jefa talaka hannun jikokin Sukhilala. Hayaƙin tartsatsin wutar Diwali yakan haɗu da na ƙona karan shinkafa a Punjab ya shaƙe birnin Delhi, wasu shekarun har a rufe makarantu. A babban taron Kumba Mela na Parayagaraj, wanda ake yi duk shekara 12, turmutsitsin ran 29 ga Janairun 2025 ya kashe aƙalla mutum 30 bisa lissafin hukuma.

Wanda ya iya wannan lissafi, in an tura masa sabon fim, zai iya faɗin lokacin da labarin yake ba tare da mai fassara ya gaya masa ba. In ya ga zare a wuyan hannu, ana cikin marka, geron Dambatta ya fara fitar da kai. In ya ga aci-balbal jere a kan katanga, an ɗaure gero, ana jiran dawa. In kuwa kala ake watsawa, bazara ce ta kawo jiki, a nan ana kai taki gona.